Tsara shafin intanet bisa buƙatar mai amfani: asalinsa, matakansa da yadda ake gwada samfuri kafin gini

Tsara shafin intanet bisa buƙatar mai amfani hanya ce ta aiki wadda ake farawa da sanin mutanen da za su shiga shafin, da abin da ya kawo su, da halin da suke ciki a lokacin da suke neman biyan buƙatarsu. Daga nan sai a yi samfurin gwaji mai araha, a ba wasu daga cikinsu su gwada, a gyara abin da ya ba su wahala, a sake gwadawa, kafin a zuba kuɗi a ginin shafin na haƙiƙa. Ma'aunin nasara a wannan hanya guda ɗaya ne: shin mutumin da ya shiga ya gama abin da ya kawo shi ba tare da ya nemi taimakon wani ba?

Batun ya shafi 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kai-tsaye. A Najeriya rajistar kamfani a Hukumar CAC, da neman fasfo, da rajistar jarrabawar JAMB, da biyan kuɗaɗen gwamnati ta Remita duk sun koma intanet. Ɗan kasuwar da ke biyan wani ya gina masa shafin sayar da kaya, da daraktan da ke sa hannu a kan kwangilar shafin ma'aikata, su ne ke yanke hukuncin ko jama'a za su sami sauƙi ko za su sha wahala. Idan shafi ya gagari mai shi, kuɗin da aka yi niyyar ragewa yana dawowa ta wata ƙofa: layi a ofis, kiran waya, da ladan da ake biyan mai shagon kwamfuta don ya cike wa mutum fom.

Asalin tunanin

Tushen wannan fanni ya girmi intanet. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojin Amurka ta yi ta asarar jiragen yaƙi samfurin B-17 wajen sauka, ana ɗora laifin a kan matuƙa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba ɗakin tuƙin ya ga cewa abin sarrafa tayoyi da abin sarrafa wani ɓangare na fukafukai suna kusa da juna kuma kamarsu ɗaya. Matuƙin da ya gaji yakan ja ɗaya a maimakon ɗayan. Da aka bambanta siffarsu yadda hannu zai gane kowanne ko ba a duba ba, sai irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai. Darasin da ya tabbata tun daga lokacin shi ne, idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a binciki tsarin kafin a zargi mutanen.

A 1985 wasu masu bincike biyu na kamfanin IBM, John Gould da Clayton Lewis, suka fitar da ƙa'idoji uku na gina manhajar kwamfuta: a mai da hankali kan masu amfani da ayyukansu tun daga farko, a auna yadda suke amfani da abin da aka gina ta hanyar gwaji, sannan a riƙa gyarawa ana maimaitawa. Shekara guda bayan haka, Donald Norman da Stephen Draper na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka fitar da littafin da ya yaɗa sunan wannan hanya. Littafin Norman na 1988, wanda daga baya aka sani da The Design of Everyday Things, shi ya kai batun ga jama'a, inda ya yi misali da ƙofofin da mutum ke turawa alhali ja ake yi. A ganinsa, ƙofar da sai an manna mata takardar bayani kafin a iya buɗe ta, tun daga zane aka ɓata ta.

Da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN tsakanin 1989 da 1991, waɗannan ƙa'idoji suka sami sabon fage. Mai manhajar ofis yana iya tilasta wa ma'aikata su koyi amfani da ita, amma mai shafin intanet ba shi da wannan iko, domin baƙon da ya rikice yakan fita ne kawai. Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta mai da hanyar ma'auni a 1999 da lamba ISO 13407, aka sabunta shi a 2010 zuwa ISO 9241-210.

Mataki na farko: sanin masu amfani

Aikin yana farawa da fita daga ofis. Masu tsara shafi sukan zauna da mutanen da ake yi wa aikin, su tambaye su yadda suke biyan wannan buƙata a yanzu, su kuma kalle su suna yi. Kallo yana da muhimmanci saboda abin da mutum ke faɗa yakan bambanta da abin da yake aikatawa. Wanda ya ce yana karanta duk sharuɗɗa kafin ya amince, sau da yawa za a ga ya wuce su cikin daƙiƙa biyu. Akwai kuma wasu majiyoyi masu arha: tambayoyin da aka fi yi wa ma'aikacin da ke karɓar baƙi, ƙorafe-ƙorafen da ke shigowa ta waya, da kalmomin da mutane ke rubutawa a akwatin bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da aka gano ana rubuta shi a gajerun jimloli masu sassa uku: wane ne mutumin, me yake buƙata, kuma don me. Misali, mai shago yana buƙatar sanin takardun da zai tanada da kuɗin da zai biya, don ya sabunta lasisinsa a zuwa ɗaya. Irin wannan jimla takan fallasa bambanci tsakanin buƙatar hukuma da buƙatar jama'a. Hukuma tana son a ga hoton shugabanta da tarihin kafuwarta da jawabin maraba. Mai shagon yana neman jerin takardu da adadin kuɗi.

Mataki na biyu: jera bayanai

Kuskuren da ya fi yawa a shafukan hukumomi shi ne jera bayanai bisa sassan ofis. Wanda ke neman haƙƙinsa na fansho bai san ko sashen mulki ne ke da alhakin abin ko sashen kuɗi ba, kuma bai kamata a ce sai ya sani ba. Don kauce wa haka ana amfani da dabarar rarraba katuna. Ana rubuta kowane batu na shafin a kan kati, a ba mutane su kasa su kashi-kashi yadda suka ga ya dace, su kuma raɗa wa kowane kashi suna. Idan an yi da mutane da dama, za a ga inda tunaninsu ya haɗu, kuma daga nan ake samo kanun shafin da kalmomin da jama'a ke amfani da su.

Rubutun kansa ɓangare ne na tsari. Wani bincike da Jakob Nielsen ya wallafa a 1997 ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna bin shafi da ido ne sama-sama, kashi 16 kawai ke karantawa kalma bayan kalma. Saboda haka ake sa amsa a layin farko, a taƙaita jimloli, a rubuta a kan maɓalli ainihin abin da zai faru idan an danna shi.

Mataki na uku: samfurin gwaji

Samfuri kwaikwayon shafi ne da ake yi don amsa wata tambaya kafin a yi gini. Sanannen misali daga duniyar na'urori shi ne na Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar aljihu ta PalmPilot da ta fito a 1996. Kafin a ƙera ta, ya sassaƙa katako daidai girmanta ya riƙa yawo da shi a aljihu, yana fito da shi kamar zai duba jadawalinsa, don ya gane ayyukan da zai buƙace ta a kansu da gaske.

A aikin shafin intanet samfuri hawa-hawa ne. Na farko shi ne na takarda: ana zana kowace fuska ta shafin da biro, mai gwaji ya taɓa hoton maɓalli da yatsa, wani daga cikin ma'aikata ya ɗauke takardar ya ajiye ta gaba kamar shi ne kwamfutar. Ana iya sauya irin wannan zane cikin minti biyar. Wani amfaninsa kuma shi ne mutane ba sa jin nauyin sukar zanen biro, alhali sukan yi kara idan suka ga abu ya yi kyau kamar an gama shi.

Hawa na biyu shi ne zanen ƙwarangwal, wanda ake yi a kwamfuta da layuka da akwatuna ba tare da launi ko hoto ba, don hankali ya tsaya kan inda kowane abu zai zauna. Na uku shi ne samfurin da ake dannawa, wanda ake haɗawa da manhajoji irin su Figma, da aka buɗe wa jama'a a 2016. Yana kama da shafi na gaske a waya, amma babu rumbun bayanai a bayansa. Na huɗu shi ne samfurin da aka rubuta da harshen gina shafi, wanda ke ba da damar gwada saurin buɗewa da yadda shafin ke aiki a wayoyi daban-daban.

Ƙa'idar zaɓi ita ce a yi amfani da hawa mafi arha da zai amsa tambayar da ake da ita. Idan ana son sanin ko mutane sun fahimci jerin tambayoyin fom, takarda ta isa. Haɗarin da ke tattare da samfuri mai kyan gani shi ne shugaba ya gan shi ya ɗauka aiki ya ƙare, ya sa ranar ƙaddamarwa, alhali ba a fara ginin da zai ɗauki jama'a da tsare bayanansu ba.

Mataki na huɗu: gwaji da mutane

A zaman gwaji ana ba mutum aiki na zahiri, kamar ya nemo farashin buhun shinkafa ya saya, ko ya nemi takardar hutu, sannan a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake yi. Mai lura yana yin shiru yana rubutu. Ba ya nuna hanya, ba ya kare tsarin, kuma tun farko yakan sanar da baƙon cewa shafin ake gwadawa, ba shi ba. Ba a tambayarsa ko shafin ya burge shi, saboda ladabi kan sa mutum ya yaba abin da ya gagare shi.

Ba a buƙatar taron jama'a. Bisa wani lissafi da ya yi da Thomas Landauer a 1993, Nielsen ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, domin daga nan sai a riƙa ganin matsaloli iri ɗaya suna maimaituwa. Shawararsa ita ce, wanda ke da kuɗin gwada mutum 15 ya raba su zagaye uku, yana gyara bayan kowane zagaye. Wannan adadi yana da sharaɗi: idan masu amfani sun kasu gida-gida, kamar dillalai da masu sayen ɗai-ɗai, kowane gida yana buƙatar nasa gwajin. Haka kuma ma'aikatan da suka gina shafi ba sa zama masu gwada shi, tun da sun riga sun san inda komai yake.

Misalin Birtaniya

Shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, shi ne misalin da aka fi ambata a wannan fanni. Kafin a gina shi, bayanan gwamnati suna warwatse a ɗaruruwan shafuka, kowace hukuma da nata salon. A 2010 Martha Lane Fox, wadda gwamnati ta ɗora wa aikin yaɗa amfani da intanet, ta miƙa wa minista Francis Maude rahoto tana ba da shawarar a haɗa komai a adireshi ɗaya ƙarƙashin hukuma ɗaya. A 2011 aka kafa sashen ayyukan gwamnati na intanet, GDS, wanda Mike Bracken ya jagoranta.

Ba su fara da babbar kwangila ba. Wata ƙaramar tawaga ƙarƙashin Tom Loosemore ta gina samfurin gwaji cikin kimanin wata uku, aka buɗe shi a watan Mayun 2011 da sanarwar cewa gwaji ne, aka nemi jama'a su faɗi aibinsa. Samfuri na biyu ya biyo baya a farkon 2012, sannan a ranar 17 ga Oktoban 2012 GOV.UK ya maye gurbin tsofaffin shafuka biyu, Directgov da Business Link. Ƙa'idar farko cikin ƙa'idoji goma da sashen ya rubuta wa kansa ita ce a fara da buƙatar masu amfani.

Ana ganin tasirin ƙa'idar a ƙananan abubuwa. Shafin ranakun hutu yana nuna ranar hutu mai zuwa da manyan baƙaƙe a sama, domin ita ce mafi yawan masu shiga ke nema, sauran jadawalin na ƙasa. Fom ɗin gwamnati yakan yi tambaya ɗaya a kowace fuska, abin da ke sauƙaƙa cikewa a waya da gane inda aka yi kuskure. Ranar haihuwa ana rubuta ta a akwatuna uku, na rana da wata da shekara, saboda gwaji ya nuna cewa dogon jerin zaɓi yana wahalar da mutane da yawa. A 2013 shafin ya lashe kyautar zanen shekara ta Gidan Tarihin Zane na Landan, duk da cewa kusan babu ado a cikinsa.

Akwai dalilin kuɗi a bayan aikin. Wani rahoton gwamnati na 2012 ya ƙiyasta cewa a wasu ayyuka, biyan buƙata ta intanet ya fi ta waya arha har ninki 20, ya fi ta wasiƙa ninki 30, ya fi zuwa ofis ninki 50. Amma wannan rangwame ba ya samuwa sai mutane sun iya gama aikin a shafin. Shi ya sa aka wajabta wa kowane aiki ya riƙa auna abubuwa huɗu: kuɗin da kowace hulɗa ke ci, yawan waɗanda suka fara suka gama, gamsuwar masu amfani, da yawan waɗanda suka zaɓi intanet a kan sauran hanyoyi.

Misalin Amurka

A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe HealthCare.gov, shafin sayen inshorar lafiya a ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010. Shafin ya durƙushe a ranar farko. Takardun da wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar sun nuna cewa mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar. Daga cikin dalilan akwai shawarar tilasta wa kowa ya buɗe asusu kafin ya ga farashi, wadda ta cusa miliyoyin masu son dubawa kawai ta ƙofa ɗaya. 'Yan kwangila sun shaida wa majalisa cewa an gwada tsarin gaba ɗayansa ne makonni kaɗan kafin buɗewa. Sai da aka kawo tawagar ceto aka shafe kimanin wata biyu ana gyara. A 2014 gwamnatin ta kafa nata sashen ayyukan intanet, wanda ya ɗauki darussa da yawa daga na Birtaniya.

Masu buƙata ta musamman

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, kuma idan hoto ko maɓalli ba shi da bayanin rubutu a bayansa, manhajar ba ta da abin faɗa. Ƙungiyar W3C mai kula da ma'aunan yanar gizo ta fitar da ƙa'idojin WCAG a 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Daga cikinsu akwai cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, a iya sarrafa shafi da allon rubutu kaɗai, kuma kada launi ya zama hanya ɗaya tilo ta isar da saƙo. Waɗannan gyare-gyare suna amfanar kowa: rubutun da mai raunin gani zai iya karantawa, shi ne kuma ake iya gani a waya cikin hasken rana a tsakiyar kasuwa. A Najeriya dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018 ta fara aiki bayan sa hannun shugaban ƙasa a Janairun 2019.

Abin lura ga masu tsara wa Hausawa shafi

Mafi yawan masu shiga intanet a ƙasar Hausa ta waya suke shiga, da data da aka saya da lissafi, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Dabarun da suka dace da wannan hali sun daɗe da samuwa. Luke Wroblewski ya yi kira a 2009 da a fara zana wa waya kafin kwamfuta, Ethan Marcotte kuma ya bayyana a 2010 yadda shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da girman kowane allo. A aikace wannan na nufin rage nauyin hotuna, da adana abin da mutum ya riga ya cike don kada ya ɓace idan sabis ya yanke, da nuna masa a sarari ko kuɗinsa sun shiga don kada ya biya sau biyu.

Sunaye ma wurin tuntuɓe ne. Fom ɗin da aka tsara shi ya ƙi karɓar alamar ɗauri zai ce wa Sa'idu da Mu'azu da Asma'u sunansu ba daidai ba ne. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna cikin ma'aunin Unicode, amma ba kowane salon rubutu ke nuna su ba, kuma akwatin bincike ya kamata ya gane cewa wanda ya rubuta "kasa" wataƙila "ƙasa" yake nema, tun da ba kowace waya ke da waɗannan haruffa a kusa ba. Akwatin "sunan iyali" ma yana rikitarwa, domin wani sunan mahaifinsa yake sawa, wani na kakansa, wani na garinsu, kuma saɓanin jerin suna tsakanin takardun banki da lambar NIN yakan tsayar da aiki. Lambar waya a karɓe ta ko an fara da 0 ko da +234. Kwanan wata a nuna a fili wanne ne rana wanne ne wata, saboda manhajojin da aka yi wa Amurkawa suna fara wa da wata. Idan shafin yana da sashen Hausa, a gwada fassarar da masu jin harshen, domin kalmar da aka ƙirƙira a ofis tana iya zama baƙuwa a kasuwa.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi cewa a taƙaita bayanan da ake karɓa ga abin da ake buƙata. Wannan ya yi daidai da abin da masu tsara fom suka daɗe suna faɗa: kowace tambaya da aka ƙara tana rage yawan masu kaiwa ƙarshe.

Iyakokin hanyar

Tsari mai kyau ba ya gyara manufa mai rauni. Sashen GDS da kansa ya gina tsarin tantance mutane mai suna GOV.UK Verify da burin samun masu amfani miliyan 25 zuwa 2020, amma ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya bayyana a 2019 cewa miliyan 3.6 kawai suka yi rajista, kuma an rufe shi a 2023. Idan doka ta wajabta takardu goma da sa hannun jami'ai biyar, shafi mai sauƙi ba zai rage su ba sai an taɓa dokar ko tsarin ofis.

Ana kuma iya juya sanin halayyar mutane ya zama makami a kansu. A 2010 wani masani ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara misalan dabarun yaudara a shafuka, kamar ɓoye maɓallin soke biyan kuɗi ko ƙara kaya a kwandon saye ba da sanin mai saye ba. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games ya amince ya mayar wa kwastomomi Dala miliyan 245 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da irin waɗannan dabaru. Akwai kuma waɗanda ba su da waya mai intanet ko ba sa karatu, waɗanda dole a bar musu wata ƙofa, ko ta lambobin USSD, ko kiran waya, ko teburin taimako a ofis.

Abin da mai ba da aiki zai nema

Wanda zai biya kuɗin gina shafi, ɗan kasuwa ne ko jami'in gwamnati, ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya kare kuɗinsa. Ya nemi a rubuta masa ayyuka uku ko biyar da suka fi kawo mutane shafin, da shaidar yadda aka gano su. Ya nemi ganin samfuri kafin a fara gini, ya kuma zauna da kansa a zaman gwaji ya kalli kwastomansa ko jama'ar da yake yi wa aiki suna kokawa da shi. Ya sa a gwada a kan waya mai arha da sabis mai rauni, ba a kan kwamfutar mai ginin ba. Ya raba biyan kuɗi bisa matakai, ya ware kaso don gyara bayan buɗewa, domin sai jama'a sun shiga ake ganin sauran matsalolin. Ya tabbatar cewa sunan adireshin shafin da lambobin sirrinsa suna hannun ofis ko kamfani, ba hannun ɗan kwangila ba. Bayan ƙaddamarwa kuma, adadin da zai riƙa tambaya kowane wata shi ne mutum nawa suka fara aiki a shafin, nawa suka gama, kuma a wace fuska sauran suka tsaya.